Koyo A Aikace A Ajin Firamare: Ayyukan Da Ake Gudanarwa Daga Satumba Zuwa Yuli

Koyo a aikace hanya ce ta koyarwa wadda ɗalibi ke taɓa abu da hannunsa, ya auna, ya shuka, ya ƙera ko ya gwada, sannan ya bayyana abin da ya gani da bakinsa, ya kuma rubuta shi. A makarantar firamare, inda galibin yara ke tsakanin shekara 6 zuwa 12, wannan hanya ce ke haɗa abin da malami ya rubuta a allo da abin da yaro ya riga ya sani a gida, a gona da kuma kasuwa.

Muhimmancin lamarin ya fito fili ne daga wata matsala da malamai da iyaye suka daɗe suna kokawa a kanta. Akan sami ɗalibi ya haddace jadawalin ninkawa tun daga biyu har zuwa sha biyu, amma idan aka miƙa masa dabino 24 aka ce ya raba wa mutum shida, sai ya tsaya yana kallo. Haddar ta zauna, ma'anar ba ta zauna ba. Yaron da ya bar aji shida a haka yakan shiga ƙaramar sakandare da giɓin da ke da wuyar cikewa.

Ayyukan hannu sun fi yin tasiri idan aka tsara su tun farkon shekara bisa yanayin da kowane zangon karatu ke faɗowa a ciki, domin kaka da hunturu da bazara da damina kowanne yana zuwa da kayan aikinsa kyauta.

Asalin wannan hanya

Koyo ta hanyar aiki ya girmi makarantar boko. Ɗan maƙeri yakan fara da zuga zugazugi kafin a ba shi guduma, ɗan masaƙi kuma yakan fara da naɗe zare. A ƙasar Hausa, makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa da ke Kano a 1909 ta haɗa karatu da koyar da sana'o'in hannu.

A ƙasashen Turai da Amurka, masana da dama ne suka ba wannan hanya tsari. John Dewey ya kafa makarantar gwaji a Jami'ar Chicago a 1896, inda yara ke koyon lissafi da kimiyya ta hanyar girki da aikin katako da lambu. Maria Montessori ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907, da kayan koyo da yaro ke sarrafawa da kansa. Jean Piaget, masanin tunanin yara ɗan ƙasar Suwizalan, ya bayyana cewa yaro ɗan shekara 7 zuwa 11 yana iya yin tunani mai tsari, amma ya fi yin sa a kan abin da yake gani yake taɓawa. Daga baya Jerome Bruner ya fito da matakai uku da har yau ake bi wajen koyar da lissafi: a fara da abu na zahiri, a koma zanensa, sannan a ƙare da alamarsa ta rubutu.

Akwai wata ƙididdiga da ke yawo a tarurrukan horar da malamai, wadda ke cewa mutum yana tuna kashi 10 cikin 100 na abin da ya karanta, da kashi 90 na abin da ya aikata. Babu wani bincike da ya tabbatar da waɗannan alƙaluma. Akan jingina su ga wani zane da Edgar Dale ya fitar a 1946, alhali zanen nasa bai ƙunshi ko lamba ɗaya ba. Abin da bincike ya fi nunawa shi ne aikin hannu yana amfani idan malami yana jagorantarsa da tambayoyi da bayani, yana kuma raguwa ƙwarai idan aka bar yara su kaɗai da kaya ba tare da manufa ba.

Matsayinsa a tsarin ilimin Najeriya

Kundin Manufofin Ilimi na Ƙasa, wanda aka fara fitarwa a 1977 aka kuma yi masa bita sau da dama, ciki har da 2004 da 2013, ya tanadi cewa koyarwa a firamare ta kasance ta hanyar aiki da bincike da gwaji. Ya kuma ƙayyade malami ɗaya ga ɗalibai 35.

An ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a 1999, dokarsa kuma ta fito a 2004, inda ta wajabta karatun shekara tara kyauta: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Hukumar UBEC ce ke kula da shirin a matakin tarayya, hukumomin SUBEB kuma a jihohi. Hukumar NERDC ce ke tsara manhaja. A manhajar da aka fara aiki da ita a 2014, darussan da suka fi buƙatar aikin hannu sun haɗa da Lissafi, Kimiyya da Fasaha, Al'adu da Fasahar Ƙirƙira, sai kuma darasin share fagen sana'a da ake farawa daga aji huɗu, wanda ya ƙunshi aikin gona da tattalin gida. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da wani sabon bita da ya rage yawan darussa, ya kuma ƙara ba koyon sana'a muhimmanci.

Shekarar karatu tana da zango uku, kowanne kimanin mako 12 zuwa 13. Jihohi ne ke fitar da ranakun, amma a mafi yawansu zangon farko yana gudana daga Satumba zuwa Disamba, na biyu daga Janairu zuwa farkon Afrilu, na uku kuma daga ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu zuwa Yuli. Misalan da ke tafe sun fi dacewa da aji huɗu, amma ana iya sauƙaƙa su ga ƙananan azuzuwa ko a faɗaɗa su ga manya.

Zangon farko: lokacin kaka

Satumba tana samun ruwan sama yana ja da baya a arewa, amfanin gona kuma yana nuna. Wannan ne lokacin tara kaya. Malami kan ware kusurwa ɗaya a aji, ɗalibai su riƙa kawo marafen kwalba, tsakuwa, kwali, robobin ruwa, tsinken tsintsiya, karan dawa da irin shuka daban-daban. Abin da aka tara a makonnin farko shi zai ɗauki ajin har ƙarshen shekara.

Aikin farko da ya kamata a yi shi ne auna tsayin kowane ɗalibi a jikin bango, a rubuta a littafi. Yaro ɗan shekara 8 zuwa 10 yakan ƙaru da kimanin santimita 5 zuwa 6 a shekara, saboda haka idan aka sake awon a Yuli za a ga bambanci. Kafin a fito da ruler ko tef ɗin awo, yana da kyau a bar yara su auna tebur da taƙi, su auna allo da kamu, su auna faɗin aji da taku. Amsoshinsu za su sha bamban, domin hannun wani ya fi na wani tsayi. Daga wannan saɓani ne suke gane dalilin da ya sa aka ƙirƙiro mita da santimita. Haka nan idan aka kawo mudu daga gidaje biyu ko uku aka zuba gero, za a ga ba lallai su zo daidai ba.

A darasin lissafi, tsinke da zare sun wadatar wajen koyar da matsayin lamba. Ɗalibai su ƙulla tsinke goma-goma, ƙulli goma kuma su haɗa su zama dami ɗaya na ɗari. Idan aka ce a cire 17 daga 42, yaro zai ajiye ƙulli huɗu da tsinke biyu. Da ya ga ba zai iya cire bakwai daga biyu ba, sai ya kwance ƙulli ɗaya, ya koma yana da ƙulli uku da tsinke 12. Ya cire bakwai, saura biyar, ya cire ƙulli ɗaya, saura biyu, amsa 25. Abin da ake kira aro a allo shi ne wannan kwance ƙulli, kuma yaron da ya yi shi da hannunsa ba ya cika mantawa da dalilinsa. Shirin koyar da yara daidai da matakinsu, wanda ƙungiyar Pratham ta fara a Indiya aka kuma gwada shi a wasu jihohin arewacin Najeriya, yana amfani da wannan dabara ta ƙulli da tsinke.

A darasin kimiyya, kaka lokaci ne na nazarin iri. Bayan yara sun rarraba gero, dawa, masara, wake, gyaɗa da riɗi bisa girma da launi da siffa, sai a yi gwajin tsiro. A sami gwangwani huɗu a sa ƙwayar wake biyar a kowanne. Na farko a kan auduga mai laima a wuri mai haske, na biyu a kan busasshiyar auduga, na uku a nutse cikin ruwa, na huɗu a kan auduga mai laima amma a cikin akwati mai duhu. Cikin kwana uku zuwa biyar na farko da na huɗu za su tsiro, na biyu zai zauna yadda yake, na uku kuma zai kumbura ya fara ruɓewa saboda ƙarancin iska. Yara da yawa kan yi hasashen cewa na cikin duhu ba zai fito ba. Zai fito, sai dai zai yi tsawo, ya yi fari fat, ya rasa ƙarfi. Daga nan suke bambance abin da iri ke buƙata don ya tsiro da abin da tsiro ke buƙata don ya rayu.

Ranakun da ke cikin zangon ma suna ba da dama. Bikin samun 'yancin kai na 1 ga Oktoba ya dace da zana taswirar Najeriya a ƙasa da toka ko tsakuwa, a nuna inda Kogin Neja da Kogin Binuwai suka haɗu a Lakwaja. Ranar Wanke Hannu ta Duniya, 15 ga Oktoba, ta dace da haɗa wurin wanke hannu da jarka da igiya da sanda, wanda ake takawa da ƙafa ruwa ya zubo, a rataya sabulu a gefe.

Zango na biyu: hunturu da bazara

Daga Janairu iska ta bushe, ƙura ta yawaita, daga Maris kuma zafi ya kankama. Busasshen yanayi shi ne ya fi dacewa da gwaje-gwajen ruwa da zafi.

Ana zuba ruwa daidai wa daida a faranti da kuma kofi, a ajiye su wuri ɗaya, ɗalibai su riƙa dubawa kullum. Na faranti zai riga ƙafewa domin fuskarsa ta fi faɗi. Sai a maimaita da faranti biyu, ɗaya a rana ɗaya a inuwa. Idan aka narkar da gishiri a ruwan kafin a shanya, za a tarar da shi a gindin farantin bayan ruwan ya tafi. Raba gishiri da ruwa ta hanyar ƙafar da ruwan shi ne tushen sana'ar gishiri a Keana da ke Jihar Nasarawa da Uburu da Okposi a Jihar Ebonyi, sai dai a can ana dafa ruwan ne a kan wuta.

Wannan darasi yana kaiwa ga wani aiki da ya samo suna daga Najeriya. Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sanya ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yayin da ruwan ke ƙafewa ta jikin babbar tukunyar, yana tafiya da zafi, cikin ƙaramar ya yi sanyi. Wannan aiki ya sa ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ɗalibai za su iya haɗa irinta, su sa tumatir uku a ciki, su ajiye uku a waje, su ƙirga kwanakin da kowane rukuni zai yi kafin ya lalace. Dabarar ta fi aiki a busasshiyar iska, shi ya sa ake yin ta a wannan zango, kuma sakamakonta a Sakkwato zai fi na Fatakwal fitowa.

Bushewar iskar hunturu ce kuma ke sa idan aka goga biro ko matajin roba a gashi, ya ɗauki ƙananan gutsattsarin takarda. A damina gwajin yakan ƙi, saboda laima. Haka nan ana iya shafa man shafawa a fararen takardu, a liƙa ɗaya kusa da titi, ɗaya a cikin aji, ɗaya a ƙarƙashin bishiya, bayan kwana biyu a kwatanta yawan ƙurar da kowacce ta kama. Wannan yana buɗe tattaunawa a kan tari da mura da dalilin yayyafa ruwa kafin shara.

Darasin tace ruwa ya dace da Ranar Ruwa ta Duniya, 22 ga Maris. Ana yanke gindin robar ruwa a kifa ta, a toshe bakin da ƙyalle, a jera gawayi da yashi da tsakuwa, sannan a zuba gurɓataccen ruwa. Zai fito da haske fiye da yadda ya shiga. Wajibi ne malami ya jaddada cewa hasken ruwa ba ya nufin ƙwayoyin cuta sun mutu. Sai an tafasa shi ko an sa masa maganin tsabtace ruwa kafin a sha, kuma ba a barin yara su sha na gwaji.

Zoɓo ma kayan gwaji ne. Idan aka matsa lemon tsami a ruwan zoɓo, jansa zai ƙara haske. Idan aka zuba ruwan kanwa, zai rikiɗe ya yi duhu ya karkata zuwa kore. Da wannan yara ke fara sanin bambancin abu mai tsami da kishiyarsa, ba tare da an sayi ko sinadari ɗaya ba.

A ɓangaren fasaha, rani lokaci ne na ginin yumɓu domin yana saurin bushewa, da saƙar kaba, da ƙera mota ko gida da sillen kara da totuwa. Takardar naira 20 tana ɗauke da hoton Ladi Kwali, fitacciyar maginiyar tukwane daga Kwali da ke Babban Birnin Tarayya, kuma nuna wa yara ita yakan sa su ɗauki aikin da daraja. Rini da ƙulle-ƙullen zare a kan farin ƙyalle yana ba da damar yin bayani a kan marinar Ƙofar Mata a Kano da adire na Abeokuta.

Kantin aji shi ne aikin lissafi na wannan zango. Ana jera gwangwanaye da kwalaye marasa komai, a rubuta farashi, yara su zana takardun kuɗi daga naira 5 zuwa naira 1,000. Ɗaya ya zama mai kanti, ɗaya mai saye, na uku ya rubuta ciniki. Bayar da canji, da gane cewa wanda ya sari kaya a naira 700 ya sayar a naira 850 ya ci ribar naira 150, duk suna fitowa daga nan.

Kafin zangon ya ƙare, ana haƙa ramin takin gargajiya a zuba busasshen ganye da toka da kashin dabbobi, a riƙa yayyafa ruwa, domin ya nuna kafin shuka.

Zango na uku: damina da lambu

A nan ne tsari ya fi muhimmanci, domin kalandar makaranta ba ta tafiya daidai da ta noma. A kudu ruwa yakan sauka tun Maris ko Afrilu, a Abuja da kewayenta wajen Afrilu, amma a Kano da Katsina da Sakkwato da Maiduguri ba ya zama sosai sai Yuni. Ana rufe makaranta a Yuli, wato daidai lokacin da gero da dawa ke tsakiyar girma. Ajin da ya shuka amfanin da ke ɗaukar wata huɗu ba zai ga girbinsa ba, kuma sau da yawa awaki ne ke cin gajiyarsa a lokacin hutu.

Mafita ita ce a zaɓi abin da ke saurin nuna. Alayyafo yana isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu. Kuɓewa tana fara 'ya'ya cikin kimanin wata biyu. Akwai nau'in wake da ke nuna cikin kwana 60 zuwa 70. Rama da lalo ma ba sa jinkiri. Inda akwai rijiya ko famfo, ana iya fara shuka da ban ruwa tun makon farko ba tare da jiran sama ba. Inda babu fili, buhunan siminti ko na hatsi da aka cika da ƙasa da taki suna wadatarwa.

Lambun kansa darasin lissafi ne. Fangali mai tsawon mita 3 da faɗin mita 1 kewayensa mita 8 ne, girman filinsa kuma murabba'in mita 3. Idan za a shuka iri a layi mai tsawon mita 3 da tazarar santimita 30, yara da yawa za su ce rami 10 ake buƙata. Idan suka fita da igiya suka sa rami a kowane ƙarshe, za su ƙirga 11. Kowane rukuni ya riƙa auna tsayin shukarsa sau ɗaya a mako, a zana sakamakon a jadawali. A bar fangali ɗaya babu taki domin a sami abin kwatantawa.

Ma'aunin ruwan sama ba ya buƙatar kuɗi. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da shimfiɗaɗɗen gindi, wanda aka ajiye a fili nesa da rufi da bishiya, ya isa. Kowace safiya a tsoma ruler a karanta zurfin ruwan, a rubuta, a zubar. Milimita ɗaya na ruwan sama daidai yake da lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita. Ke nan idan aka yi ruwa na milimita 20 a kan rufin aji mai mita 8 da mita 7, lita 1,120 ce ta sauka, wato cikin jarka 56 masu ɗaukar lita 20.

Gwajin ƙasa yana bayyana dalilin da ya sa wani wuri ke riƙe ruwa wani kuma ba ya riƙewa. A cika robobi uku masu huda a ƙasa da yashi, da yumɓu, da ƙasar noma, a zuba musu ruwa daidai, a ga wanda zai riga zubarwa. Domin nuna zaizayar ƙasa kuma, a jingina tire biyu a karkace, ɗaya da ƙasa tsirara, ɗaya da ƙasa mai ciyawa, a zuba ruwa daga sama a tari abin da ya gangaro. Ruwan tiren farko zai fito da laka mai yawa. Irin wannan aiki na ruwa ne, cikin shekaru masu yawa, ya haifar da manyan kwazazzabai a Nanka da Agulu a Jihar Anambra da kuma cikin garin Gombe. Ranar Muhalli ta Duniya, 5 ga Yuni, ta dace da dasa zogale ko darbejiya a harabar makaranta.

Damina tana kawo halittu iri-iri. Ana iya ɗebo ruwa mai tsutsar sauro a kwalbar roba, a rufe bakin da ƙyalle mai ƙananan ƙofofi, yara su ga yadda tsutsar ke dunƙulewa kamar waƙafi kafin ta zama sauro. A yanayi mai ɗumi, daga ƙwai zuwa sauro bai cika wuce mako biyu ba. Ba a sakin abin da ya ƙyanƙyashe. Bayan gwajin sai ajin ya zagaya harabar makaranta yana kifar da gwangwanaye da tsofaffin tayoyi da ke tara ruwa.

Aikin da ke ratsa shekara

Akwai aikin da ba ya ba da ma'ana sai an bi shi wata da watanni. A kafa sanda mai tsayin mita ɗaya a miƙe a fili, a riƙa auna inuwarta sau biyu a wata daidai lokacin da ta fi gajarta, wato lokacin zawali, wanda a Kano yake kamawa wajen ƙarfe 12:30 na rana. A ƙarshen Disamba inuwar za ta kai kimanin santimita 70 tana fuskantar arewa. Daga nan ta riƙa raguwa har ta kusa ɓacewa a ƙarshen Afrilu, lokacin da rana ke bi ta tsakar ka. A Yuni kuma ta koma kudu da kimanin santimita 20. A Abuja da Legas ranar ɓacewar inuwa tana riga ta Kano zuwa, domin sun fi kusa da tsakiyar duniya. Jadawalin yanayi na kullum, inda ɗalibi ɗaya ke rubuta ko an yi rana ko hazo ko hadari, shi ma haka yake tafiya.

Aji mai cunkoso da ƙarancin kaya

A makarantun gwamnati da dama, musamman a birane, yawan ɗalibai a aji ya ninka 35 da aka ƙayyade. Malaman da ke gudanar da aikin hannu a irin wannan hali sukan raba aji rukuni-rukuni na mutum shida zuwa takwas, su ba kowa aiki: mai ɗauko kaya, mai awo, mai rubutu, mai bayani. Ana juya ayyukan kowane mako domin kada masu ƙarfin hali su mamaye komai, kada kuma a bar 'yan mata da shara da ɗebo ruwa yayin da maza ke riƙe da kayan awo. Ɗalibin da ba ya gani sosai yana iya ƙirga ƙulli da rarraba iri da hannu, wanda ba ya iya tsugunawa kuma a ɗora masa buhun shuka a kan benci.

Darasi ɗaya na minti 35 ba ya isa ga yawancin gwaje-gwaje, don haka shugaban makaranta kan haɗa darasi biyu a jere sau ɗaya a mako. Kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai suna iya taimakawa da shinge da iri da jarkoki, su kuma gayyato maginin tukwane ko masaƙi ko manomin rani ya nuna wa yara sana'arsa. Watan azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 a kowace shekara, saboda haka ana duba inda ya faɗo kafin a sa ranakun girki ko aikin da ke buƙatar tsayuwa a rana.

Auna sakamako da abubuwan kiyayewa

Kowane aiki yana da matakai huɗu: tambaya, hasashe, gwaji, sai bayani. Mataki na ƙarshe shi ne aka fi tsallakewa idan lokaci ya ƙure, alhali shi ne ke mayar da aikin ya zama ilimi. Ya kamata kowane ɗalibi ya kasance da littafin da yake zana abin da ya gani, ya rubuta jimla biyu ko uku a kai. Wannan littafi yana shiga cikin makin da ake tarawa a tsawon zango, kuma yana nuna wa iyaye abin da ɗansu ya iya. Idan gwaji bai ba da sakamakon da ake tsammani ba, ana rubuta abin da ya faru a nemi dalili tare da yara.

Wuta da wuƙa da ruwan zafi a hannun malami suke zama. Ba a amfani da kwalbar gilashi ko gwangwani mai kaifin baki, ba a tura yara kududdufi ko rafi su kaɗai, ba a kuma ba su maganin feshi. Bayan taɓa ƙasa ko taki, kowa ya wanke hannu da sabulu. Haka kuma akwai iyaka tsakanin aikin koyo da aikin ƙarfi: noma gonar malami, ko yin yini ana ɗebo yashi, ba ya cikin manhaja. Sayo abin da aka riga aka ƙera a kasuwa a miƙa shi a matsayin aikin hannu, ko karɓar kuɗi a madadinsa, yana rusa manufar darasin gaba ɗaya.

A makon ƙarshe na Yuli, aji kan baje kolin abin da ya yi: tukwane, jadawalin ruwan sama, alamomin inuwa, littattafan ɗalibai da amfanin lambu. Ana sake auna tsayin kowa a cire na Satumba daga na Yuli. Bishiyoyin da aka dasa ana danƙa su ga mai gadi ko maƙwabtan makaranta su kula da su a lokacin dogon hutu, ana kuma ware iri daga abin da aka girbe a ajiye wa ajin da zai shigo a Satumba.